Yadda Ake Ɗora Windows 98 SE a Kan Kwamfutar Zamanin Pentium 4

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 98 a watan Yuni na 1998, ya biyo da bugu na biyu da ake kira SE a watan Mayu na 1999, sannan ya janye tallafinsa daga dukkansu a ranar 11 ga Yuli, 2006. Duk da haka har yau akwai masu bukatar wannan babbar manhaja, ko dai domin tsofaffin wasanni da manhajojin DOS da ba sa tafiya daidai a wani wuri, ko domin wata na'urar awo ko ta masana'anta wadda direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, bai taɓa wuce wannan zamani ba. Injinan da aka ƙera musamman dominta, wato na Pentium II da Pentium III, suna ƙara wuyar samu, don haka da yawa suke komawa ga kwamfutocin da aka yi tsakanin 2001 da 2004, masu ɗauke da Pentium 4 ko Athlon XP, waɗanda akasarinsu da Windows XP aka sayar da su.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, matsalar irin wannan inji ba rauni ba ce, yawa ce. An rubuta Windows 98 SE ne domin ta iya tashi a kan masarrafar 486 mai gudun MHz 66 da RAM na MB 24, kuma waɗanda suka rubuta ta sun gina ta bisa zaton cewa akwai iyakokin da kayan aiki ba za su ƙetare ba nan kusa. Injin 2003 ya ƙetare kusan dukkansu. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka sauko da injin zuwa matakin da manhajar ta sani, ka girka ta a can, sannan ka riƙa mayar da abin da ka rage ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda za ta tsaya.

Zaɓen inji da duba lafiyarsa

Cifset ɗin da ke kan babban allon ciki, wato bod, wanda ke haɗa masarrafa da sauran kayan inji, shi ne abin dubawa na farko, ba gudun masarrafa ba. Na Intel masu lamba 845 da 865 suna da direbobin Windows 98 SE daga kamfanin da kansa, haka ma na VIA na wancan lokaci da nForce2 na NVIDIA. Alama mafi sauƙin ganewa ita ce ramin katin hoto: idan AGP ne, akwai kyakkyawan fata, idan kuma PCI Express ne, wanda ya shigo kasuwa a 2004 tare da tsarin sauti na HD Audio da Windows 98 ba ta san shi ba, to wahalar za ta ninka, kuma a ganina bai dace mai farawa ya fara daga nan ba.

Bugun SE za ka nema, ba na farko ba. Bugun 1998 da Windows 95 suna da kuskuren lissafin lokaci a sashen sadarwarsu mai suna NDIS, wanda yakan sa su faɗi tun wajen tashi idan gudun masarrafa ya haura GHz 2.1. An gyara wannan a SE. Kuma manhajar tana nan a matsayin mallakar Microsoft ko da an daina tallafa mata, don haka a nemi faifan asali tare da lambarsa mai haruffa da alƙaluma 25. Ba ta bukatar tantancewa ta intanet, domin wannan tsari da Windows XP ya fara a 2001.

Kafin ka jona injin da wuta, buɗe shi ka dubi kafasitocin da ke kewaye da masarrafa. Bod da yawa na farkon shekarun 2000 an yi su da kafasitoci marasa inganci, kuma duk wadda kanta ya kumbura ko ta zubar da wani abu mai launin ƙasa-ƙasa sai an canza ta, in ba haka ba injin zai riƙa sandarewa ba dalili, kai kuma ka ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba. Canza batirin CR2032 mai volt 3, domin idan ya mutu duk saitin da za ka yi a BIOS, wato manhajar bod da ke tayar da inji, zai goge da zarar an zare wuta. Idan za ka sa sabon akwatin wuta, karanta takardar da ke jikinsa ka ga ƙarfin layin volt 5, saboda bod da yawa na Athlon daga wannan layi suke ciyar da masarrafa, alhali akwatunan yanzu sun karkata ƙarfinsu zuwa volt 12. Bayan haka a gwada RAM da manhajar Memtest86 har ya kammala zagaye ba tare da kuskure ba.

Batun RAM

Nan ne mafi yawan masu gwadawa suke tuntuɓe, kuma dalilin ya cancanci a yi masa bayani. Windows 98 tana ware adireshin ƙwaƙwalwa daga GB 3 zuwa GB 4, wato GB 1 kacal, domin harkokinta na ciki. A cikin wannan fili ne direbobinta suke zama, a nan tagogin DOS suke samun wuri, a nan kuma ake shata wa katin AGP nasa kason. Akwai wani sashe mai suna VCACHE wanda yake riƙe bayanan da aka karanto daga faifai domin kada a sake komawa karanta su, kuma yana ƙayyade girman kasonsa ne gwargwadon yawan RAM da ya tarar, har yakan kai MB 800. Idan RAM ya wuce MB 512, VCACHE zai iya cinye filin har sauran su rasa wurin zama. Sakamakon yana da ban mamaki ga wanda bai san dalilin ba: kwamfuta mai tarin RAM sai ta ce babu isasshiyar ƙwaƙwalwa da za ta buɗe tagar DOS guda. Idan kuwa RAM ya haura GB 1 da yawa, sau da yawa manhajar ba ta ma kai ga tashi.

Hanya mafi tsabta ita ce ka cire sandunan RAM ka bar MB 512 ko ƙasa da haka har a gama girkawa. Idan da Windows 98 kaɗai injin zai yi aiki, shawarata ita ce ka bar shi haka har abada, domin da wuya ka sami manhajar wancan zamani da za ta bukaci fiye da wannan. Idan kuwa injin zai ɗauki Windows XP a gefe, kana bukatar ƙarin RAM ɗin, to sai a gyara fayil ɗin SYSTEM.INI da ke cikin foldar WINDOWS. A ƙarƙashin sashen [vcache] a rubuta:

MaxFileCache=262144

Lambar tana nufin kilobait ne, don haka wannan ya taƙaita VCACHE zuwa MB 256. Microsoft ta ba da shawarar kada a wuce 524288, amma rabin wannan ya fi barin sarari ga katin hoto. Sannan a ƙarƙashin sashen [386Enh] a rubuta:

MaxPhysPage=30000

Wannan lamba a tsarin ƙirga na goma sha shida take, kuma tana ƙidaya shafukan ƙwaƙwalwa ne masu KB 4 kowanne: 20000 daidai yake da MB 512, 30000 daidai yake da MB 768, 40000 kuma GB 1. Manhajar za ta yi kamar sauran RAM ɗin ba ya nan. Akwai wani tarko a nan, domin idan aka tayar da Windows a yanayin kariya, wato Safe Mode, ba SYSTEM.INI take karantawa ba, SYSTEM.CB take karantawa, saboda haka a ƙara sashen [386Enh] da layin MaxPhysPage a wannan fayil ma, don kada ranar da ake bukatar yanayin kariya a tarar shi ma ya ƙi tashi.

Batun faifan ajiya

Iyaka mafi haɗari ita ce ta GB 137. Direban faifai na Windows 98, mai suna ESDI_506.PDR, yana amfani da adireshi mai bit 28, wanda ba ya iya nuna wurin da ya wuce wannan girma. Haɗarin shi ne manhajar ba ta yin gargaɗi. Za ta karɓi babban faifai, ta yi ta aiki lafiya tsawon watanni, ranar da rubutu ya ƙetare iyakar kuma sai ya faɗa a wurin da ba nasa ba ya lalata abin da ke can. Kada a yi wasa da wannan: a yi amfani da faifan da bai wuce GB 120 ba, ko kuma a tabbatar dukkan ɓangarorin da Windows 98 za ta gani suna cikin GB 120 na farko.

Akwai ƙananan iyakoki biyu kuma. FDISK ɗin da ya zo da manhajar, wato umarnin raba faifai zuwa ɓangarori, yana nuna girman da ba daidai ba idan faifai ya wuce GB 64, kodayake Microsoft ta fitar da gyararren bugu daga baya. Tsarin FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai GB 4. Ban da iyakar girman fayil, duk waɗannan suna gushewa idan ka tsaya a faifai mai GB 32 ko ƙasa, wanda ya ishi manhajar da duk abin da za a ɗora mata.

Tsofaffin faifan IDE sun haura shekara 20 yanzu, kuma ba abin dogaro ba ne. Madadin da ya fi dacewa shi ne katin CompactFlash tare da adafta mai haɗa shi da kebul ɗin IDE, domin an tsara katin ne tun asali ya iya magana da yaren IDE kai tsaye, adaftar ba ta yin komai sai haɗa wayoyi. Ba ya ƙara, ba ya zafi, kuma ana iya zare shi a sa a sabuwar kwamfuta a zuba masa fayiloli. Sai dai a yi rabon ɓangarori da fomat a kan tsohon injin da kansa, saboda idan aka yi su a sabuwar kwamfuta, yadda BIOS ɗin tsohon yake lissafa jikin faifan zai iya saɓawa, katin ya ƙi tayar da injin. A sa faifan a matsayin Master a layin IDE na farko, na'urar CD kuma a layi na biyu, da kebul mai wayoyi 80 idan ana son gudun da ya wuce MB 33 a daƙiƙa.

Saitin BIOS

Windows 98 da masarrafa guda kaɗai take aiki, don haka a kashe Hyper-Threading, mai sa masarrafa ɗaya ta bayyana kamar biyu, wanda Intel ta kawo wa Pentium 4 a ƙarshen 2002. Idan faifan SATA ne, a nemi zaɓin da ake kira Compatible ko Legacy, wanda ke sa SATA ya bayyana kamar tsohon layin IDE. A bod masu cifset 865 wannan yana nufin SATA zai maye gurbin ɗaya daga cikin layukan IDE biyu, saboda haka a lura da layin da na'urar CD take don kada ta ɓace. A mayar da kason AGP zuwa MB 64, a sa zaɓin Plug and Play OS a kan No domin BIOS ya raba wa katuna hanyoyinsu da kansa, sannan a kashe duk abin da ke kan bod wanda ba a bukata yanzu, kamar sauti da sadarwa da USB 2.0. A yi amfani da allon rubutu da linzami masu bakin PS/2 lokacin girkawa. Katin hoto kaɗai za a bari a cikin injin.

Girkawa

Faifan CD na Windows 98 SE da ake bayarwa tare da sabuwar kwamfuta yana iya tayar da inji da kansa, amma wanda aka sayar a kwali yana bukatar fulofin tayarwa. Idan na'urar fulofi ta mutu, akwai na'urar Gotek da ke kwaikwayonta daga filashin USB. Ko ta wace hanya aka tashi, a zaɓi tashi da tallafin CD har a isa wurin rubuta umarni na DOS.

Rubuta FDISK. Zai tambaya ko a kunna tallafin manyan faifai, ka amsa da Y, domin wannan ne ke ba da FAT32. Idan ka ce N za a tsare ka a FAT16 mai iyakar GB 2. Ƙirƙiri ɓangare na farko, ka tabbatar an sa masa alamar Active, sannan ka sake tayar da injin kafin ka yi komai, domin DOS ba ta ganin sabon ɓangare sai bayan an sake tashi. Daga nan sai FORMAT C:. Idan da CD ka tashi aka ce ba a san umarnin ba, yana cikin foldar WIN98 ta faifan. Idan kuma da fulofi ka tashi, ka sani yana ƙirƙirar wani ɗan faifai na wucin gadi a cikin RAM wanda yake karɓe harafin D, don haka CD ɗin yakan koma E. Katin CompactFlash da ya ƙi tayar da inji bayan an yi masa komai daidai, yawanci umarnin FDISK /MBR yana warware matsalarsa.

Kada ka girka kai tsaye daga CD. Ƙirƙiri folda da MD C:\WIN98, ka kwashe fayilolin da COPY E:\WIN98\*.* C:\WIN98, kana mai sauya harafin idan naka daban ne. Ba su kai MB 200 ba, kuma amfaninsu ya wuce ranar girkawa, domin Windows 98 tana neman waɗannan fayiloli duk lokacin da aka ƙara na'ura ko aka taɓa saitin sadarwa, kuma tana neman su ne a inda aka girka ta daga can. Wanda ya girka daga CD zai iya samun kansa a tsaka mai wuya, inda manhajar ke neman faifan alhali ba ta riga ta gane na'urar CD ɗin ba.

Shiga foldar ka rubuta SETUP /ie /is. Na farko yana tsallake yin fulofin gaggawa, na biyu yana tsallake binciken ScanDisk wanda ba shi da amfani a kan faifan da aka yi wa fomat yanzu. Idan girkawar ta sandare a matakin gano na'urori, kashe injin ka sake kunnawa, domin an tsara manhajar ta tuna abin da ya tsayar da ita ta tsallake shi. Idan ta ci gaba da sandarewa, ko aka gama aka tarar na'urori suna rikici kan hanyoyinsu, a sake girkawa daga farko da SETUP /p i, da tazara tsakanin p da i. Wannan yana hana ta dogara da tsarin ACPI na bod, wanda a injinan 2003 ya yi wa fahimtarta nisa. Abin da ake rasawa ɗan kaɗan ne: a wasu injina sai an danna maɓalli da hannu bayan an rufe Windows. Wanda bai cire RAM ba kuma, a tashin farko bayan kwashe fayiloli ne zai ga saƙon rashin ƙwaƙwalwa. Sai ya riƙe maɓallin Ctrl lokacin tashi, ya zaɓi wurin rubuta umarni kaɗai, ya buɗe fayil ɗin da EDIT C:\WINDOWS\SYSTEM.INI ya sa layukan da aka ambata a baya.

Direbobi

Jerin yana da muhimmanci. Direban cifset ne farko, a sake tayar da inji har sai manhajar ta daina gano sababbin abubuwa. Sai DirectX, manhajar da wasanni ke bi domin hoto da sauti: bugun SE ya zo da 6.1, yana kuma karɓar har 9.0c na 2004. Sai katin hoto. Direban NVIDIA na ƙarshe ga wannan manhaja shi ne 81.98, wanda ya kai har jerin GeForce 6, na ATI kuma Catalyst 6.2. Amma na ƙarshe ba lallai ne ya zama mafi kyau ba, domin masu tsofaffin wasanni da yawa sun fi natsuwa da bugun 45.23 a kan katunan GeForce 4 da FX, kuma ƙa'idar da nake bi ita ce a zaɓi direban da ya fito kusa da shekarar katin. Bayan hoto ya daidaita sai a kashe inji a sa katin sauti. Sound Blaster Live! na 1998 yana da direban da ke kwaikwayon tsohon Sound Blaster domin wasannin DOS, abin da sautin AC'97 na kan bod yawanci ba ya yi da kyau. Kowace na'ura a ƙara ta ita kaɗai, a gwada, kafin a ƙara ta gaba, saboda idan aka zuba uku lokaci guda injin ya faɗi, babu hanyar sanin wadda ta jawo.

A cikin Device Manager, buɗe bayanan faifan ajiya ka kunna DMA, mai barin faifai ya yi musayar bayanai da RAM kai tsaye, wanda sau da yawa a kashe yake zuwa, kuma rashinsa yana sa masarrafa ta ɗauki nauyin kowane karatu da rubutu. Wasu adaftocin CompactFlash masu araha ba a haɗa musu wayoyin DMA ba. Idan injin ya sandare bayan kunnawa, a shiga yanayin kariya a kashe. Masu amfani da katin CompactFlash su ƙara ConservativeSwapfileUsage=1 a sashen [386Enh], domin manhajar ta rage yawan rubutu a kansa matuƙar akwai RAM a sake.

Bugun SE bai zo da direban gama-gari na filashin USB ba, sai a Windows Me aka sa shi. Kunshin NUSB da masu sha'awar manhajar suka haɗa yana cike wannan giɓi har da USB 2.0, amma an yi shi ne bisa bugun Ingilishi, kuma filashin dole ya kasance da FAT32 ko FAT16, domin manhajar ba ta karanta NTFS ko exFAT. A nemi kuma gyare-gyare biyu da Microsoft ta fitar game da rufewa: ɗaya na magance sandarewa a lokacin kashe SE, ɗayan yana sa manhajar ta ɗan jinkirta kafin ta yanke wuta, domin a injina masu sauri takan kashe kanta kafin faifai ya gama rubuta abin da ke hannunsa.

Kada a haɗa wannan inji da intanet. Ba a toshe masa wata kafar tsaro ba tun 2006, kuma Internet Explorer 6, wanda shi ne iyakar abin da yake ɗauka, bai san tsarin ɓoye bayanai na TLS 1.2 da shafukan yau suke bukata ba, don haka ko an haɗa shi kusan babu abin da zai buɗe. A riƙa kai masa fayiloli ta filashi ko ta katin CompactFlash.

Da zarar direbobi sun zauna kuma injin ya tashi ya rufe sau da dama ba tare da matsala ba, kashe shi ka zare katin, ka ɗauki cikakken hotonsa a sabuwar kwamfuta da dd a Linux ko Win32 Disk Imager a Windows, ka ajiye shi da suna mai nuna cifset da katunan da ke ciki. Windows 98 ba ta da tsarin komawa baya irin wanda ya zo a Windows Me, kuma direba ɗaya marar kyau ya isa ya hana ta tashi. Sai bayan an ajiye wannan hoto za a fara mayar da abin da aka rage, a soma da sandar RAM ta biyu tare da layukan SYSTEM.INI, a biyo da USB 2.0, ana ɗaukar sabon hoto bayan kowane canji da ya zauna lafiya.